Imamu Malik da Iyakar Kau da Kai

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata tambaya wadda ke damun mutane da yawa a masallatai da majalisu da cikin gidaje, watau ina ne iyakar abin da Musulmi zai kau da kai a kansa, kuma ina ne shiru yake zama laifi. Akan kira mutumin da ke ƙyamar sauye-sauye barkatai da sunan mai ra'ayin mazan jiya, wasu don yabo, wasu kuwa don zambo. To, tun da yake mafi yawan Musulmin ƙasar Hausa a kan mazhabar Imamu Malik suka tashi, ya kyautu a duba yadda shi wannan babban malami ya riƙe abin da ya tarar, da yadda ya zauna da masu mulki da waɗanda suka saɓa masa, domin a ga ko riƙon da ake yi yau ya yi kama da nasa.

An haifi Malik ɗan Anas a Madina wajen shekara ta 93 bayan Hijira, ya rasu a can a shekara ta 179, daidai da 795 Miladiyya, aka binne shi a Baƙi'a. Babban abin da ya bambanta mazhabarsa shi ne ɗaukar aikin mutanen Madina a matsayin hujja. Dalilinsa kuwa shi ne, abin da dubban mutane suka gani a wurin iyayensu, su kuma iyayen suka gani a wurin Sahabbai, kamar lafazin kiran salla da girman mudun awo, ya fi ƙarfi bisa labarin da mutum guda ya zo da shi. An ruwaito cewa sa'ad da Alƙali Abu Yusufa, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya yi jayayya da shi a kan girman sa'in da ake fid da zakkar kono da shi, sai aka sa mutanen Madina suka fito da sa'in da kowa ya gada daga kakanninsa. Da Abu Yusufa ya ga haka sai ya koma ga maganar Malik. Wannan shi ne tushen ra'ayin mazan jiya na ƙwarai, watau yarda da cewa abin da al'umma ta daɗe tana aiki da shi yana ɗauke da hikimar da ba kowa ke hangen ta nan take ba. Tare da wannan akwai tsoron gaggawa, domin an ruwaito cewa an taɓa yi masa tambayoyi 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba.

Misali na farko game da sha'anin mulki shi ne ginin Ka'aba. Lokacin da Ƙuraishawa suka sāke gina ta kafin aiko Annabi, kuɗinsu na halal bai isa ba, saboda haka suka bar wani yanki a waje, wanda shi ne Hijiru. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da Nana A'isha cewa yana son mayar da ginin bisa harsashin Annabi Ibrahimu, amma ya bari saboda mutanen Makka sababbin shiga Musulunci ne. Daga baya Abdullahi ɗan Zubairu ya rushe ta ya gina bisa wancan harsashi wajen shekara ta 65. Bayan an kashe shi a shekara ta 73, sai Hajjaju ɗan Yusufa, bisa umurnin Halifa Abdulmalik ɗan Marwanu, ya mayar da ita yadda Ƙuraishawa suka bar ta. Da mulki ya koma hannun Abbasiyawa, ɗaya daga cikin halifofinsu, wanda mafi shaharar ruwaya ta ce Haruna Rashidu ne, ya so ya sāke rushewa ya koma ga ginin ɗan Zubairu. Malik ya roƙe shi ya bari, don kada Ɗakin Allah ya zama abin wasan sarakuna, kowa ya hau ya rushe na wanda ya gabace shi, har kwarjinin Ɗakin ya fita daga zukatan mutane. Mai karatu ya lura, abin da halifan ya so yi yana da hadisi ingantacce a bayansa, amma duk da haka Malik ya ga ɓarnar yawan rushewa ta fi amfanin gyaran. Duk mai mulkin da ya hau kujera ya yi watsi da rijiya ko makaranta ko asibitin da wanda ya gada ya fara, don kawai ba sunansa ke kai ba, yana bukatar wannan nasiha.

Misali na biyu ya fi ban mamaki. Halifa Abu Ja'afar Mansur ya gaya wa Malik cewa yana so a kwafi littafinsa Muwaɗɗa a aika da shi dukan manyan garuruwan Musulunci, a tilasta wa alƙalai da jama'a su yi aiki da shi kaɗai. Malami ƙalilan ne za a yi wa irin wannan tayi ya ƙi. Malik ya ƙi, ya kafa hujja da cewa Sahabbai sun watsu cikin ƙasashe, kowace al'umma ta karɓi ilmi daga waɗanda suka sauka a wurinta, ta kuma saba da shi, don haka raba mutane da abin da suka riƙa abu ne mai tsanani. Ashe mutumin da ya fi kowa riƙo da aikin garinsu shi ne ya fi kowa gane cewa mutanen Kufa da Sham da Masar su ma suna da abin da suka gada, kuma ba shi da ikon ƙwace musu shi da sandan hukuma.

A nan ne ya kamata a tuna rigimar kabalu da sadalu, wadda ta raba sahu da masallatai a Arewacin Nijeriya a shekarun 1950 da 1960. Sakin hannu cikin sallar farilla an ruwaito shi daga Malik a cikin Mudawwana ta Sahnunu, ta hanyar Ibnul Ƙasim. Ɗora hannun dama bisa na hagu kuwa hadisinsa yana cikin Muwaɗɗa. Watau ɓangarorin biyu duk a inuwar malami ɗaya suke, kuma babu wani malamin kirki da ya ce sallar ɗayansu ta ɓaci. Amma saboda wannan aka yi gaba, 'yan'uwa suka daina bin juna salla.

Kada mai karatu ya zaci cewa Malik mutum ne mai sassauci a kan kome. A shekara ta 145 Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Nafsuz Zakiyya, ya yi wa Mansur bore a Madina. A zamanin nan akan sa mutane su rantse da sakin matansu wajen mubaya'a. Malik kuwa yana karantar da cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, mutane suka fahimci cewa mubaya'ar dole ma haka take. Gwamnan Madina, Ja'afaru ɗan Sulaimanu, ɗan baffan halifa, ya hana shi faɗin wannan magana, shi kuwa ya ci gaba da faɗa a bainar jama'a. Aka kama shi aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce. Bai janye ko harafi ɗaya ba. Amma kuma bai ɗauki takobi ba, bai tara almajirai don ramuwa ba, kuma an ruwaito cewa da halifa ya ba shi damar ya rama, sai ya ce ya yafe saboda dangantakar Ja'afaru da Annabi. Iyakar Malik ke nan a siyasa: hukuncin Allah ba ya sākewa don ran gwamna ya ɓaci, jinin talakawa kuma ba a zubar da shi don malami ya huce haushi. Malamin da ke sayar da fatawa lokacin zaɓe ya ƙetare iyakar ta gefe guda, wanda ke tunzura samari su fita da makami ya ƙetare ta ta ɗaya gefen.

Malaman mazhabar sun tsara wannan hali ya zama ƙa'ida. Ibnu Rushdi kaka, alƙalin Ƙurɗuba wanda ya rasu a shekara ta 520, ya ambaci sharuɗɗa uku ga mai umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Na farko, ya san abin da yake umurni da shi da abin da yake hanawa, don jahili yakan hana halal ya yi umurni da haram. Na biyu, ya amince cewa haninsa ba zai jawo abin da ya fi muni ba, kamar a hana shan giya a ƙare da kisan kai. Na uku, ya yi zaton maganarsa za ta yi amfani. Idan ɗaya daga cikin biyun farko ya ɓace, hanin bai halatta ba sam. Idan na uku ne ya ɓace, wajibci ya faɗi, amma ya halatta ya yi magana. Malamai sun ƙara da cewa abin da za a hana ya kasance a fili yake, ba sai an yi leƙe ba, domin Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nuri kuma ta hana shiga gidajensu ba da izini ba. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin wani mutum mai suna Hazzalu, wanda ya sa wani mai laifi ya kai kansa ga hukunci, Annabi ya nuna masa cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Wanda ya ɗauki hoton maƙwabcinsa da wayar hannu ya watsa wa duniya da sunan gyara, ya auna aikinsa da wannan labari. Haka kuma zartar da haddi aikin alƙali ne da hukuma bayan shaida ta tabbata, taron jama'a ba su da wannan iko ko da sun kai dubu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a kan wannan ma'auni ya tafi. Ya yi raddi mai tsanani ga ɗaliban zamaninsa da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilmin tauhidi ba, ya kuma yi gargaɗi game da inkarin abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Amma bai ɗauki kowace al'ada abin girmamawa ba don kawai ta tsufa. A cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da 'ya'yan wasu, a cikin Kitabul Farƙi kuma ya soki rashawa da harajin zalunci. Ya yi kimanin shekara 30 yana wa'azi da lallashi kafin hijira zuwa Gudu a shekara ta 1804, bayan an kai wa jama'arsa hari an kuma matsa musu a kan addininsu.

Tarihin kusa ya nuna abin da ke faruwa idan ma'aunin ya karkace. Muhammadu Marwa Maitatsine ya tsine wa masu agogo da keke da rediyo, abubuwan da babu nassin da ya haramta su, wasu suka ɗauka tsananin riƙo da addini ne. An kore shi daga Kano a shekara ta 1962, ya komo, aka yi ta kau da kai yana tara yara a 'Yan Awaki yana cin zalin maƙwabta. A watan Disamba na 1980 rikici ya ɓarke, mutum fiye da 4,000 suka hallaka, sa'an nan wutar ta sāke tashi a Bulunkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Shi ya tsananta inda shari'a ta yalwata, waɗanda ke da alhakin tsawata masa kuwa sun yi haƙuri inda haƙuri bai kamata ba.

Wannan karkata ita ce cutar da ya kamata kowa ya binciki kansa a kanta. Akan sami mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa saboda yadda yake riƙe hannu a salla, ko saboda jam'iyyar da ya zaɓa, amma yana zaune lafiya da mai tauye mudu, da mai algus a hatsi, da wanda ya cinye dukiyar marayun ƙanensa, da wanda ya hana 'yan'uwansa mata gadon gona, da ma'aikacin da ba ya sa hannu sai an ba shi na goro. Na farkon saɓani ne wanda malamai suka yalwata a kansa ko al'amari ne na ra'ayi. Na biyun kuwa haramcinsa babu malami biyu da suka yi jayayya a kai, kuma a fili ake yin sa, a kasuwa da ofis da zauren rabon gado. Da Malik zai ga wannan hali, da ya ce an sa haƙuri a wurin fushi, an sa fushi a wurin haƙuri.

Saboda haka wanda ke son ya zama mai riƙon mazan jiya na gaskiya, kafin ya ɗaga murya ya tambayi kansa ko abin nan malamai sun haɗu a kan haramcinsa, ko a fili yake, ko shi ne ke da alhakin hana shi da hannu, da kuma abin da zai biyo bayan maganarsa. Idan amsoshin sun nuna masa saɓani ne, ya riƙe abin da ya koya a wurin malaminsa ya bar wa ɗan'uwansa nasa. Idan kuwa zalunci ne bayyananne, ya faɗi gaskiya da ladabi, ko da za ta jawo masa hasarar ciniki ko matsayi, ya fara kuma da gidansa da rumfarsa. Allah Ya nuna wa Musulmi gaskiya Ya ba su ikon bin ta, Ya haɗa kawunansu, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.