Shugabanci ko Biyayya: Wanne Ya Fi Wa Muridi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku ƴan uwa ahbabu, ko a Magarya ne, ko Dungas, ko Bande, ko Malawa, abin da ya fi saurin raba zawiya biyu shi ne wa zai ja wazifa, wa za a kira muƙaddami. Sai ka ga mutanen da suka shekara ashirin suna zikirin Juma'a a da'ira ɗaya sun koma kowa da tabarmarsa. Shin shugabanci ne ya fi, ko bi?

Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci. Ya bayyana masa cewa wanda ya nema za a bar shi da kansa, wanda kuwa aka ɗora wa ba da nemansa ba za a taimake shi. Haka ya faɗa wa Abu Zarri cewa amana ce, kuma nadama ce ranar alƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Ashe laifin yana ga kwaɗayi. Shi ya sa malaman sufanci suke cewa son girma ne cuta ta ƙarshe da ke fita daga zuciyar mai suluki.

Mu dubi Kano. A hajjin 1937 Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass (RTA). Sarki ne mai ƙasa da dogarai, ya kuma girmi Shehu nesa ba kusa ba, amma ya miƙa wuya ya zama almajiri. Ta wannan ƙofa Faila ta shiga ƙasar Hausa. Ɗansa Muhammadu Sanusi ya bar gadon sarauta a 1963, ya zauna Azare, daga baya Wudil, inda ya rasu a 1991. Rawanin sarauta ya tafi, halifancin da ya samu ta hanyar bin Shehu kuwa yana tare da shi har kabari.

Muƙaddami ma mabiyi ne. Izinin da ke hannunsa karɓowa ya yi, silsilarsa tana komawa ga Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), sannan ga Annabi (SAW). Ranar da ya ɗauka mutane nasa ne, ranar ya fara yankewa. Shi kuma muridi, bin nasa yana da iyaka: ba a yi wa kowa ɗa'a cikin saɓon Allah.

Idan kuma aka rasa mai riƙe amana sai kai, gudu ba tawali'u ba ne. Annabi Yusufu (AS) ya nemi a ba shi taskokin Masar don ya san shi ne zai tsare su a shekarun yunwa.

Saboda haka bi ya fi aminci ga mafi yawanmu, shugabanci kuma ya fi lada ga wanda aka ɗora wa ya yi adalci. Ga awo mai sauƙi: idan gobe aka ce wani ya ja wazifa, kai ka koma bayan da'ira, za ka zo da wuri kamar kullum? In amsar a'a ce, da sauran tarbiyya.

Allah Ya ba mu ladabi da shehunanmu, Ya haɗa kawunanmu, Ya kashe mu cikin wannan tafarki. Amin.