Filin Gwaggo: Keke, Dutsen Kwatarkwashi da Maganar Uba

Wasiƙun da na ware a wannan makon duk a kan keke suke, kuma ta farko ce ta fi tsaya mini a rai.

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne, shekarata 22, ina zaune a Tudun Wada nan Gusau. Na daɗe ina tara kuɗi daga ɗinkin da nake yi har na sayi keke mai giya ɗan gwanjo. Burina in bi hanyar Zariya, in tsaya Kwatarkwashi in ga dutsen kusa da kusa, in ƙarasa Tsafe da 'Yandoto inda aka ce kakanninmu suka fito. Ina gani a waya yadda Turawa ke ratsa tsofaffin ƙauyukansu a kan keke, tudu da gangare. Ranar da na faɗa wa Baba sai ya sa wa keken kwaɗo a zaure, ya ce muddin yana raye ba zan wuce jami'a a kan wannan hanya ba. A garin nan aka haife ni, amma dutsen nan sai dai in hango shi ta tagar mota. Abokina ya ce mu saci jiki bayan Asuba, kafin Azahar mun dawo. Me kika gani?
*Ɗanki daga Tudun Wada, Gusau*

Ɗana, kada ka je. Na fara da wannan ne don kada ka yi ta bin sauran maganata kana neman ƙofar da za ka fita ta ciki. Babu ita.

Amma ba zan raina burinka ba, don abin da kake son gani ya isa a gani. 'Yandoto gari ne na malamai tun kafin jihadi, ɗalibai na zuwa daga nesa su zauna gaban shehunnanta. Tarihin baka na Katsina ma ya ce daga can Muhammadu Korau ya fito. A zamanin jihadi rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, kuma daga wannan yanki ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya taso ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Shi ya sa har gobe ake ce wa sarkinku Sarkin Katsinan Gusau, na Tsafe kuma 'Yandoton Tsafe. Kwatarkwashi kuwa ta girmi Gusau nesa ba kusa ba, mutanenta sun zauna a kan dutsen da gindinsa tun zamanin maguzanci, tsofaffi har yanzu suna ba da labarin bikin kamun maiki. Yaron da zuciyarsa ke jan sa zuwa waɗannan wurare, ni ina ganin alheri a tare da shi.

To amma dubi hanyar da idon mahaifinka. Daga Gusau zuwa Tsafe ya haura kilomita 40, kuma ka san sunayen da ake ambata a rediyo: Tazame, Magazu, Kucheri, Wanzamai. A Satumbar 2023, a Sabon Gida, dab da Jami'ar Tarayya, aka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai aka kwashi mutane, nan ɗin da Baba ya shata maka iyaka. A Yulin 2022 sunan 'Yandoto ya cika kafafen labarai, ba don malamanta ba, sai don sarautar da aka naɗa wa wani jagoran 'yan bindiga, har gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Direban mota idan ya ga abin da bai gane ba yakan juya ko ya taka wuta. Kai a kan keke, tsakiyar hawa, numfashi na fita da kyar, ina za ka? Su a kan babura suke.

Akwai kuma haɗari na biyu da matasa ba sa lissafawa. Ƙauyen da aka sha kai wa hari ba ya ganin baƙo kamar da. Saurayi da hular kwano da keken da ba a saba gani ba, yana ɗaga waya yana ɗaukar hoton dutse da hanyoyin shiga gari, kafin ya buɗe baki ya ce yawon tarihi ya zo an riga an kira shi infoma. Mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa ba lallai su tsaya sauraron bayani ba.

Ka kuma tuna, idan aka ɗauke ka, Allah ya kiyaye, ba wayar abokinka za a kira ba. Wayar tsohon nan da ya sa kwaɗo za a kira. Shi zai sayar da gona, ya bi gidajen dangi da ƙoƙon bara, mahaifiyarka kuma ta daina barci. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ga abin da za ka yi. Ka samu kawunka ko limamin unguwarku ya raka ka wajen Baba. Kada ka fara da maganar mabuɗi. Ka fara da cewa ka janye maganar Tsafe, kuma ka janye ta da gaske. Sannan ka roƙi izinin hawa cikin gari, ka faɗa masa titunan da za ka bi da lokacin dawowarka: daga Tudun Wada zuwa shataletalen Lalan, ka zaga ta Samaru, ka biyo ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa da Kanwuri. Ka dawo a lokacin da ka ambata, ko da minti ɗaya kada ka ƙara. Wata guda a haka, da kansa zai daina tambayar ka ina za ka.

Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Wanda bai saba ba, kilomita 80 na zuwa da dawowa a ranar Zamfara zai kwantar da shi ko babu ɗan bindiga ko ɗaya a daji. Ka koyi sauya giya zuwa mai sauƙi tun kafin ka shiga hawa, ba sai feda ta yi nauyi ba, don a nan sarƙa ke zamewa. A gangare ka riƙa matsa birki biyun tare a hankali, wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai ta kan keken zai tuntsura. Da damina ka kula da yashin da ruwa ke sharowa kan kwalta. Ka koyi yin faci da hannunka, ka riƙa tafiya da famfo da gorar ruwa. Nisa kuma a ƙara shi kaɗan kaɗan, mako bayan mako.

Tarihin da kake nema ma, wani ɓangarensa ya biyo ka har gida. Dattawa da yawa daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu yanzu a Gusau suke zaune, rashin tsaro ya taso su. Ka hau kekenka ka je ka gaishe su, ka riƙe ɗan goro, ka nemi izini ka naɗi muryarsu. Su suka san sunan kowane kogo da kowace rijiya, kuma ba kullum ake samun mai tambayar su ba.

Su Turawan da kake kallo, hanyarsu lafiya lau take shi ya sa. Ni Ruwanda ta fi burge ni: ƙasar da aka yi kisan ƙare dangi a 1994, ita ce a Satumbar 2025 ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya a tuddan Kigali, karo na farko a Afirka. Ina roƙon Allah ya nuna mana irin wannan rana a hanyar Tsafe, ka kasance cikin na gaba. Kafin nan, abokin naka ka gaya masa Gwaggo ta ce a'a.

Gwaggo, barka da aiki. Maigidana ma'aikaci ne a Gusau, mu kuma a Bungudu muke. Ya haura 50, yana da ciwon suga. Tun da mai ya yi tsada ya ajiye mashin ya koma keke, ya ce likita ma ya ce ya riƙa motsa jiki. Matan unguwa suna yi mini habaici wai karayar arziki ta same mu. Ni kuma tirelolin hanyar Sakkwato nake tsoro. In hana shi?
*'Yar'uwarki daga Bungudu*

'Yar'uwa, damuwarki biyu ce, ɗaya ta zubarwa, ɗaya ta riƙewa. Habaicin ki zubar. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 babu gidan da bai sauya lissafi ba, kuma mutumin da ya zaɓi ya taka feda maimakon ya ci bashi, mutuncinki yake karewa. Iyayenmu malaman makaranta da malaman gona a kan Raleigh suka yi aikinsu, ana girmama su.

Tsoron hanyar kuwa gaskiyarki ne. Bungudu zuwa Gusau kimanin kilomita 20 ne, zuwa da dawowa 40 ke nan a kullum, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga baligi minti 150 ne a mako na matsakaicin motsa jiki. Malam ya zarce wannan da nisa. Ki lallashe shi ya mayar da shi kwana biyu ko uku a mako, sauran ya shiga mota. Kada ya fita sai gari ya waye sosai, ya kuma shigo gida kafin Magariba, don duhu a hanyar nan ba na tirela kaɗai ba ne. Ya bi hannun dama a gefen kwalta, ya sa riga mai ƙyalli, musamman da hunturu in hazo ya sauko. Ya karya kumallo kafin ya hau, ki riƙa sa masa dabino a aljihu saboda faɗuwar suga: in ya ji jiri ko rawar jiki ko gumi mai sanyi, ya sauka nan take ya ci. Ya kuma faɗa wa likitansa ainihin nisan da yake yi, wataƙila a gyara masa magani. Hular kwano ki saya masa da kuɗinki, zai ji nauyin ƙin sa ta.

Hajiya Gwaggo, mu matasa ne masu hawan keke a Kano. Muna shirin tasowa ta Funtuwa da Tsafe har Gusau da hutun Sallah, mu sanar a Facebook, don mu nuna wa duniya Zamfara lafiya.
*Daga Kano*

'Ya'yana, na gode da ƙaunar da kuke wa jihar nan, amma ku fasa. Sanar da rana da hanya a Facebook gayyata ce ga waɗanda ba ku so su sani. Ku zaga Dala da Gwauron Dutse da ƙofofin ganuwa da sunan Zamfara, abin da kuka tara ku saya wa yaran da aka raba da ƙauyukansu kekunan zuwa makaranta.

Masu hawan keke a rukuni cikin garin Gusau kuma, ina neman ku. Ku rubuto mini, zan haɗa ku da ɗana na Tudun Wada ba tare da an buga sunan kowa ko wurin haɗuwarku ba.