Kafin a kira mai feshi zuwa makaranta

A makarantun kwana da yawa, idan hutu ya kusa ƙarewa sai a kira mai feshi. Ya zo da tanki a goye, ya bi ɗakunan kwana da kicin da sito, a sallame shi. Kafin a kai tsakiyar zango yara sun koma susa, kyankyaso kuma yana shawagi a bayan tukwane. Mai wannan rubutu duba-gari ne, zagayen makarantu na cikin aikinsa, kuma abin da yake yawan tararwa ke nan: an kashe kuɗi, yara sun shaƙi guba, ƙwaro yana nan daram.

Kuɗin cizo yana maƙala ƙwansa a tsagar gado da ɗinkin katifa, inda feshi ba ya kaiwa, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Babbansa kan yi watanni bai sha jini ba, saboda haka dogon hutu ba ya kashe shi. Ga shi kuma a ƙasashe da dama ya riga ya saba da magungunan da aka fi fesa masa. Da an ga magani bai ci ba, sai a ƙara masa ƙarfi, ko a koma ga fiya-fiya da Sniper, kuma a nan haɗarin yake. Sinadarin dichlorvos da ke cikin Sniper na gona ne, jijiyoyi yake taɓawa. Wanda ya shaƙe shi da yawa yakan yi dalalar miyau, hawaye, amai da sarƙewar numfashi. Yaro kuwa, gwargwadon jikinsa, ya fi babba shaƙar iska, balle mai asma da ke kwana a ɗakin da tagoginsa ke rufe. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni, amma har yanzu akan tsince su a akwatin ɗalibi, kusa da garin kwaki da sukari.

A watan Yulin 2013, yara 23 suka rasu a wata firamare a jihar Bihar ta Indiya bayan sun ci abincin rana, domin man girkin ya gauraya da maganin ƙwari. Duk sanda mai wannan rubutu ya ga an wanke jarkar magani an zuba manja a ciki, waɗannan yaran yake tunawa.

Akwai hanyar da ta fi wannan, wato haɗakar dabarun magance ƙwari. Tushenta shi ne ƙwaro ba ya zama sai inda ya sami ci da sha da maɓoya, don haka a fara da raba shi da su, magani ya zo a ƙarshe. Makarantun gundumar Monroe a jihar Indiana ta Amurka sun rungumi wannan tsari a shekarun 1990 tare da masanin ƙwari Marc Lame, suka rage amfani da magani da kusan kashi 90 cikin ɗari, ƙorafin ƙwari ma ya ragu. Masu shara da masu girki na cikin waɗanda suka yi aikin.

A makarantunmu ma haka abin yake. A ɗakin kwana, a fitar da gadaje a kwance su, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗar ƙarfe da tsagar katako, a wanke zannuwa da ruwan zafi a bi su da dutsen guga. Zafin da ya kai digiri 50 yana kashe kuɗin cizo har da ƙwansa. A liƙe tsagar bango da siminti, a janye gado daga jikin bango, a sake dubawa bayan mako biyu. Katifar da ta yayyage a haƙura da ita.

Sito ya fi buƙatar ido. Ƙaramin ɓera yana shiga ramin da fensir zai shiga, kuma ta fitsari da kashin ɓera zazzaɓin Lassa ke kama mutane. A ɗora buhuna kan katako nesa da bango, a toshe ƙasan ƙofa da falle, a ɗana tarko maimakon barbaɗa shinkafar ɓera. Wake kuwa ba ya buƙatar ƙwayar Phostoxin: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda manoman Najeriya da Nijar suka daɗe da sani, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska.

Idan duk da haka magani ya zama dole, to a sa mai lasisi, a nemi sunan maganin da lambar NAFDAC, a sa shi a inda ƙwaron yake kawai, yara ba sa nan, a buɗe tagogi kafin su dawo. Shugaban makaranta ya ajiye littafi a ofis da za a riƙa rubuta abin da aka gani, a wane ɗaki, da matakin da aka ɗauka. Iyaye ma suna da haƙƙin neman ganin littafin a taron iyaye da malamai.