Zafin Bazara Da Yadda Za Mu Tsare Juna

Ga bazara ta sake kewayowa, 'yan'uwa. Hazon hunturu ya janye, gizagizan damina ba su iso ba tukuna, ƙasa kuwa ta bushe ƙayau, babu ɗanyen haki da zai rage mata zafi. Wajen ƙarshen watan Afrilu rana takan bi daidai tsakar kanmu a ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi, har mutum ya nemi inuwarsa da tsakar rana ya tarar tana ƙarƙashin ƙafafunsa. A Sakkwato da Maiduguri da Yola ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 kwana da kwanaki. Mun saba. In an gaisa an ce, "Yaya zafi?" sai a amsa, "Lokacinsa ne." Amsar daidai ce, amma abin da aka saba da shi ba a cika jin tsoronsa ba. Nufinmu cikin wannan darasi mu nuna cewa zafi ya wuce wahalar da ake haƙuri da ita kurum. Yana kisa, yakan kuwa fara da waɗanda ba su iya tashi su taimaki kansu.

A ran 3 ga Afrilu 2024 aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Bamako, asibitin Gabriel Touré ya rubuta mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan nan, alhali kuwa a dukan watan Afrilun 2023 mutum 130 ne suka mutu a wurin. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne da suka haura shekara 60. Lokacin azumin Ramadan ne, wutar lantarki kuma tana ta ɗaukewa, dare ma bai yi sanyi ba. Sararinmu ɗaya ne da mutanen Mali, irin ɗakunanmu ke nan, irin aikinmu ke nan. Shekarar 2024 ta fi dukan waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awon duniya, saboda haka in dattawa sun ce zafin yanzu ya fi na ƙuruciyarsu, kada mu ce tsufa ne ke sa su faɗi haka.

Ciwon nan ba sabo ba ne. Ku buɗe 2 Sarakuna sura 4, daga aya 18 zuwa 20, ku karanta labarin ɗan matar nan ta Shunem. Yaron ya fita gona wurin ubansa lokacin girbi, ya yi kukan kansa yana ciwo, uban ya sa bara ya kai shi wurin uwarsa, ya zauna bisa cinyarta har tsakar rana, sa'an nan ya mutu. Littafin bai ambaci sunan ciwon ba, amma girbin ƙasar nan cikin watannin zafi yake faɗuwa, masu nazari da yawa kuwa sun ɗauka bugun rana ne. Mu kan yi saurin wucewa zuwa wurin da Elisha ya ta da yaron. Yau dai mu tsaya kan ayoyin nan uku. Uban bai bar masu girbi ba, ya ɗauka ciwon kai ne kawai. Tsakanin safiya da tsakar rana aka rasa yaro.

To, yaya zafi ke kashe mutum? Jikin mai lafiya yana zaune wajen digiri 37, ko da sanyi ko da zafi. In zafi ya yi yawa jiki yakan tura jini zuwa fata, ya fid da zufa. Amma fitar zufa kaɗai ba ta sanyaya kowa, bushewarta ce ke kwashe zafin. Kowace mace ta san wannan a wurin randa: ruwa yana tsatsafowa ta jikin yumɓu, iska tana busar da shi, na ciki kuwa yana yin sanyi. Shi ya sa kwanakin da ke gab da ruwan fari sun fi na Maris nauyi, ko da ma'auni bai fi hawa ba. Iskar kudu ta kawo laima, zufa tana zuba amma ba ta bushewa, mutum ya jiƙe sharkaf bai sami sauƙi ba. Mai aiki cikin rana yakan zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya, wani lokaci fiye, tare da gishirin jikinsa. In ba a mayar ba jini ya ragu, zuciya ta yi ta fama, ƙoda ta wahala.

Ciwon yana da mataki biyu, wajibi ne kowane mai gida ya iya rarrabe su. A na fari mutum yana zufa ƙwarai, yana jin jiri da ciwon kai da kasala, zuciyarsa tana tashi, jijiyoyin ƙafa suna ɗaurewa, amma hankalinsa yana nan, in ka tambaye shi ya amsa daidai. Wannan a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa kaɗan, a sassauta tufafinsa, a shafe shi da ruwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa a hankali. Ga awon: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Kada a ƙara gishiri bisa wannan da nufin a ƙarfafa maganin. In rabin awa ta wuce bai ji sauƙi ba, a kai shi asibiti.

Mataki na biyu shi ne bugun zafi, alamarsa kuwa a hankali take. Mutum ya fara sambatu, ko ya kasa gane mutanen gidansa, ko ya yi ta faɗa ba dalili, ko ya yi tangaɗi kamar mashayi, ko ya suma, ko jijjiga ta kama shi. Jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, ya kai digiri 40 ko fiye. Wani fatarsa takan bushe, wani kuwa yana zufa har yanzu, don haka kada zufa ta ruɗe mu. A nan ne mu kan yi kuskure iri biyu. Waɗansu su ce iska ce ta taɓa shi, a taru a kansa a ɗaki mai ƙunci, a toshe ɗan iskar da ke shigowa. Waɗansu su ɗora shi kan babur nan da nan, a yi tafiyar awa guda cikin rana da shi yana ƙuna. Abin da ya kamata shi ne a fara sanyaya shi a wurin da ya faɗi, yayinda wani ya tafi neman mota. A tuɓe masa riga, a kwarara masa ruwan randa daga wuya har ƙafa, mutum biyu su yi ta fifita da mafici ko faifai, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, a riƙa sakewa. In akwai ƙanƙara a sa ta. A ci gaba da haka a hanya har a isa. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa a baki, gama zai shaƙe. Ƙwayar zazzaɓi ba ta sauke irin wannan zafi. Mu yi addu'a, i, amma hannu yana zuba ruwa.

Muna faɗin wannan da kunya, domin ya faru a cikinmu. Wata gwauruwa tsohuwa ta ekklesiyarmu ba ta zo sujada ba wata Lahadi cikin Afrilu. Kowa ya ce zafi ne ya hana Baba fitowa, muka ce za mu leƙa ta gobe. Da la'asar wata yarinya ta kai mata tuwo, ta tarar da ita kwance cikin ɗakin kwano, taga a rufe saboda tsoron ɓarayi, tana kiran sunan mijinta da ya rasu tun da daɗewa. Randarta cike take da ruwa, taku uku daga gadonta. Matan maƙwabta suka fito da ita tsakar gida suka yi ta zuba mata ruwa, aka kai ta asibiti, ta rayu. Da aka bar ta har goben da muka ce, da jana'iza muka je. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, jikinsa kuma ba ya zufa sosai. Ba ya isa a ajiye masa ruwa. Sai an miƙa masa moɗa a hannu, a tsaya har ya sha. Haka nan masu hawan jini da ciwon zuciya da ciwon sukari, da mata masu ciki, da wanda ke shan maganin da ke sa yawan fitsari. Mutum ya duba fitsarinsa: in ya yi kaɗan, ya yi ja kamar shayi, ruwa ya ƙaranta a jiki. Burukutu da giya kuwa ƙara fid da ruwa suke yi.

Jariri da bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, ko cikin bazara. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta riƙa ba shi mama akai-akai. Mun sha ganin an goya yaro an lulluɓe kansa da tawul mai kauri don a kāre shi daga rana, ashe an sa shi cikin tanda ne. Mayafi marar nauyi ya isa. Kada kuma a bar yaro cikin mota a rufe, ko da za a shiga kanti a fito ne.

Kakanninmu ba su da ma'aunin zafi, amma sun san ƙasarsu. Soron ƙasa mai kaurin bango yakan sha zafin rana a hankali, cikinsa ya zauna da sanyi. Ɗakin jinka yana numfashi. Sukan fita gona tun asuba, su dawo kafin rana ta take, su koma da la'asar, da malafa a ka da goran farau-farau a rataye. Mu kuwa muka sami kuɗi muka sayi kwano, muka yi murna mun huta da yaɓe kowace shekara. Ba mu ce a koma jinka ba. Amma kwanon da ba silin a ƙarƙashinsa yakan zubo zafi kai tsaye bisa mai kwance. Wanda ba shi da kuɗin silin ya shimfiɗa zana ko tabarma ƙarƙashin kwanon, ya shafa farin fenti a bisansa, ya buɗe taga biyu masu duban juna, ya dasa darbejiya a yammacin ɗakin. Fanka tana taimako, amma in zafin ɗaki ya wuce digiri 40 iska mai zafi kawai take hurawa, sai an jiƙa jiki tukuna. Mai janareto kada ya kunna shi cikin ɗaki ko bakin taga, hayaƙinsa yana kashe masu barci. Wanda zai kwana waje ya ɗaura gidan sauro, ya kakkaɓe tabarma saboda kunama.

Sanin nan na dā bai mutu ba. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki hikimar randa ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Tumatir da gauta da alayyafo suka riƙa daɗewa ba su lalace ba. A 2000 aka ba shi kyautar Rolex saboda wannan. Kowace mai ginin tukwane ta iya yin irinta.

Akwai abin da ke hannun dattawan ekklesiya. Majami'unmu da yawa kwano ne ba silin, mu kan cika su maƙil, mu fara ƙarfe 10 mu tashi ƙarfe 1. Me zai hana daga Maris zuwa Mayu a fara ƙarfe 7? Mu masu wa'azi ma, in mun rage minti 20 ba abin da zai ɓace. A ajiye randa a bakin ƙofa. A rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya da ke kwana su kaɗai a unguwa, ko namu ne ko ba namu ba, a raba wa zumuntar mata da matasa, kowa ya san wanda zai leƙa safe da la'asar. Wanda ya ɗauki magina ko leburori ko masu sharar gona ya ba su ruwa da inuwa, ya bar su su huta daga ƙarfe 12 zuwa 3 ba tare da ya yanke musu lada ba. In Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, ta yi gargaɗin zafi a rediyo, a sanar da shi ran Lahadi.

Bazara kuma lokacin sanƙarau ne, shi ma yakan zo da zazzaɓi da ciwon kai da ruɗewa, har da sandarewar wuya. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya. Cunkoso cikin ɗaki marar iska yana yaɗa shi. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari da ta fara ba da sabuwar allurar da ke tsare iri biyar na ciwon. In masu rigakafi sun zo a fito da yara. Rarrabe sanƙarau da bugun zafi da zazzaɓin cizon sauro aikin likita ne. Namu mu sanyaya mai ciwon, mu kai shi da sauri.

Sa'an nan wata rana da yamma gabas ta yi baƙi, iska ta taso da jar ƙura, yara su yi ta ihun murna. Hadarin fari ya fi na tsakiyar damina iska, shi ne ke yaye rufin makarantu da majami'u. Tun yanzu mai gida ya hau ya duba ƙusoshi, ya sake katakon da gara ta ci, ya ɗaure rufin da bango da waya mai ƙarfi, ya sare busassun rassan da ke bisa ɗaki, a kuma yashe magudanar ruwa. In iska ta fara a shiga ɗaki, gama kwanon da ya tashi yana yanka kamar adda. Wanda tsawa ta tarar a gona kada ya fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, ya ajiye fartanya ya nufi gida. Wanda aradu ta faɗa wa ba laifi a taɓa shi, babu wutar da ta rage a jikinsa, a ɗauke shi a kai asibiti nan da nan. Waya kuwa ta lantarki da iska ta tsinka, a ɗauka da wuta a cikinta, a tsare yara daga wurin har ma'aikata su zo.