Sankarar Bakin Mahaifa: A Je Gwaji Tun Jiki Na Da Ƙarfi

An shirya wannan darasi ne domin matan aure da masu gidajensu da ke Lafiya da kewayenta, kamar su Shabu da Doma da Obi da Keana. Ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Bakin mahaifa shi ne ƙofar nan ta ƙasan mahaifa wadda takan buɗe idan haihuwa ta zo. Sankara takan kama wannan wuri, kuma ɓarnar da take yi ba kaɗan ba ce. Ƙididdigar shekarar 2020 ta nuna mata wajen 12,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu, watau fiye da mata 20 ke nan a kowace rana.

Mafarin Ciwon

Ba sammu ne ke kawo shi ba, ba kuma iska ba. Wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV, wadda ake ɗauka ta wajen saduwar namiji da mace. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ne ya tabbatar da haka a 1983 da 1984. Ƙwayar iri-iri ce, amma iri biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke jawo kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Namiji yakan ɗauke ta shekara da shekaru bai sani ba. Saboda haka kada a zargi matar da aka samu da ita, gama macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa.

Galibin mata jikinsu kan kashe ƙwayar da kansa. Amma a jikin wasu sai ta maƙale, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali, har shekara 15 zuwa 20 kafin abin ya zama sankara. To, a nan ne hatsarin yake, a nan ne kuma sa'ar take. Duk tsawon waɗannan shekaru mace ba ta jin zafi, ba ta ganin jini, tana noma, tana cin kasuwa, tana goyo. In ta jira sai ta ji ciwo, sau da yawa an makara. In kuwa an duba ta cikin wannan tsakani, abin da za a tarar ɗan tabo ne wanda ake kashewa cikin 'yan mintoci.

Yadda Ake Gwajin

Mace za ta kwanta, malamar asibiti ta duba bakin mahaifa da fitila, ta shafa wani ruwa mai tsami. Bayan minti ɗaya, in akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Akwai kuma gwajin da ake lakato ɗan danshi da auduga a kai ɗakin bincike, a nemi ƙwayar kanta. Ba yanka, ba allura, ba kwana a asibiti. Wadda ta fi son mace ta duba ta, sai ta faɗa tun daga bakin ƙofa.

In an ga tabon, akan kashe shi da wata na'ura mai zafi ko mai sanyi ƙwarai. Mahaifa tana nan yadda take, haihuwa ba ta tsayawa. Sai dai a ƙaurace wa shimfiɗa har mako huɗu, wurin ya warke.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara gwaji daga shekara 30, kuma ko ba komai kowace mace ta samu gwaji a shekara 35 da kuma 45. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau ta fara tun tana 25, domin hatsarinta ya ninka na sauran mata sau 6. Amma fa wadda ke ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke mata, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, kada ta tsaya lissafin shekaru, kada kuma ta ce ciwon sanyi ne ta zauna shan jiƙo. Ta tafi asibiti cikin makon nan.

Riga-kafin 'Yan Mata

Ran 24 ga Oktoba 2023 Gwamnatin Tarayya ta shigar da allurar HPV cikin jerin alluran riga-kafi na ƙasa, Jihar Nasarawa kuwa tana cikin jihohin da aka fara da su. An fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, kyauta. Dalilin zaɓen ƙananan yara shi ne allurar tana hana ƙwayar shiga ne, ba ta fitar da wadda ta riga ta shiga, don haka sai a yi ta tun kafin aure. Masu cewa tana hana haihuwa ba su da hujja. Ƙasashe da yawa suna yin ta tun 2006, 'yan matan farko da aka yi wa sun girma sun haihu. Abin da ke raba mace da mahaifarta ita ce sankarar da aka bari ta yi nisa.

Kai maigida, galibi izini da kuɗin mota a hannunka suke. Kada ka ce ai lafiyarta lau, domin mai lafiyar ake nema a gwada. Ka kai ta ɗakin shan magani na unguwarku ku tambayi inda ake gwajin, ko ku nufi sashen mata na babban asibitin da mutanen Lafiya suka daɗe da sani da sunan Dalhatu Araf. Waɗanda ke yammacin jihar suna da Asibitin Tarayya na Keffi. Ku tafi da 'yarku da katin riga-kafinta, in ba a yi mata allurar ba a tambaya a can.