Libarba Mai Aiki Biyu: Yadda Take, da Abin da Dokar Ƙasa Ta Ce a Kanta

A 'yan shekarun nan majigi da wayar hannu sun sa jama'a da yawa suna ganin yadda ake cinikin ƙananan bindigogi a Amurka. Akan jera su cikin gilashin kanti kamar agogo, mai saye ya ɗauki wannan ya juya, ya ajiye, ya ɗauki waccan. Ganin haka, ga kuma matsalar tsaro da ta dami ƙasa, sai wasu suke tambaya ko mutum zai iya sayen irin wannan bindiga ya ajiye a gidansa a nan Nijeriya. An shirya wannan bayani ne domin mai karatu ya san ita bindigar kanta, ya kuma san matsayinta a doka tun kafin wani ya ruɗe shi da ita.

Yadda aka ƙera ta

Libarba ƙaramar bindiga ce ta hannu ɗaya. Sunan nata daga Ingilishi aka aro shi, ma'anarsa kuwa abu mai juyawa. A tsakiyarta akwai wata 'yar ganga ta ƙarfe mai ramuka, yawanci biyar ko shida, kowane rami yana ɗaukar harsashi guda. A bayan gangar akwai 'yar guduma, a ƙasa kuma kunama. Idan gudumar ta ja baya, gangar takan juya ta kawo sabon harsashi daidai bututun bindiga. Idan ta faɗo sai ta bugi gindin harsashin, albarushi ya kama, dalma ta fita.

Libarba iri biyu ce. Mai aiki ɗaya sai an ɗana gudumarta da babban yatsa kafin kowane harbi, aikin kunama kawai shi ne ta saki gudumar. Mai aiki biyu kuwa, jan kunama sau ɗaya shi ke ɗana guduma, ya juya ganga, ya kuma saki gudumar. Saboda yawan aikin nan kunamarta tana da nauyi, takan bukaci ƙarfin yatsa na kimanin kilo 5, ga kuma nisan ja. Amma galibinsu ana iya ɗana su da yatsa kamar mai aiki ɗaya, a nan kuwa nauyin yakan sauko zuwa kilo 2 ko ƙasa da haka, taɓawa kaɗan ta isa.

Abin da ya kamata a lura da shi sosai shi ne wannan: yawancin libarba ba su da makullin da ake turawa da yatsa a hana su tashi. Nauyin kunama shi ne babban tsarinsu. Muddin akwai harsashi a ciki, to, a shirye take dare da rana, ba ta bukatar a koya wa mutum kome sai ja. Wannan sauƙi shi ya sa 'yan sanda a ƙasashe da dama suka riƙe ta shekaru da yawa, shi ne kuma ya sa take da haɗari ƙwarai a gida mai yara. Yaron da yatsansa ɗaya bai iya jan kunamar ba yakan sa manyan yatsunsa biyu, in ya yi haka kuwa bakin bindigar kansa yake fuskanta.

Asalinta

Wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt shi ya sami takardar mallakar fasahar libarba a ƙasarsa cikin 1836, tasa kuwa mai aiki ɗaya ce. A 1851, a babban baje kolin da aka yi a Landan, wani maƙerin bindiga na Ingila, Robert Adams, ya nuna wadda kunama kaɗai ke ɗana ta. Bayan 'yan shekaru wani hafsan soja, Frederick Beaumont, ya gyara ta yadda za a iya harba ta ta hanyoyin biyu. Sojan Ingila sun karɓi ƙirar kamfanin Webley a 1887, irinta ce kuma hafsoshin Turawa suke ratayawa a ƙugu a zamanin mulkin mallaka. A Amurka kamfanin Smith & Wesson ya fito da wata a 1899, wadda daga baya aka sa wa suna Model 10. An ƙera fiye da miliyan 6 na wannan ƙira.

Tsofaffin ƙira suna da wani aibi: idan bindiga ta faɗi a kan gudumarta tana iya tashi ba wanda ya taɓa kunama. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani sojan ruwa na Amurka ya rasa ransa ta wannan hanya a cikin jirgi, abin da ya sa Smith & Wesson ya sake fasalin ƙarfen da ke tare guduma. Libarbar zamani tana da irin wannan kariya a ciki. Tsohuwar da aka tsinta a akwatin kaka ba lalle ne tana da ita ba.

Ciniki da gyara a Amurka

Abin da ake gani a majigi yana da tushe a tsarin mulkin Amurka, wanda gyaransa na biyu, na 1791, ya ba jama'a ikon riƙe makami. Duk da haka ba kamar sayen agogo ba ne. Dokar 1968 ta hana dillali mai lasin sayar da bindigar hannu ga wanda bai kai shekara 21 ba. Tun 1998 kuma dillali yakan aika da sunan mai saye a bincika ko an taɓa ɗaure shi kan babban laifi. Jihohi da dama sun ƙara nasu sharuɗɗan.

Mai saye a can yakan fara duba girman harsashi. Biyu ne suka fi shahara, watau .38 Special da .357 Magnum, na biyun ya fito a 1935 kuma ya fi ƙarfi nesa. Bindigar da aka ƙera don na biyun tana cin na farkon, amma ta farkon ba ta cin na biyun. Sai tsawon bututu, daga inci 2 zuwa inci 6 galibi. Gajeriya ta fi sauƙin ɗauka, amma ta fi ƙara, ta fi naushin hannu, ta kuma fi wuyar saiti. Idan ta hannu ce, watau wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, masani yakan duba ko gangar tana tsayawa cik daidai bututu, domin idan ta kauce ko da kaɗan ne, dalma takan goge gefe ta watso ɓarɓashi. Tsakanin ganga da bututu ma akwai 'yar tazara inda iska mai zafi ke fita da ƙarfi, ta isa ta yanke yatsan da aka ɗora a wurin.

Bayan saye sai gyare-gyare, wanda ya zama sana'a mai zaman kanta a can. Wani ya sauya mariƙi, ya sa na katako mai ado ko na roba mai rage naushi. Wani ya sauya abin saiti. Wani kuma ya kai wa maƙeri ya goge ƙarafan ciki domin kunama ta yi santsi. Na ƙarshen nan shi ne mai rigima. Idan aka rage ƙarfin sifirin fiye da kima, guduma ba ta bugun harsashi yadda ya kamata, sai bindiga ta ƙi tashi ran da ake bukatarta. Idan kuma aka ci ƙarfen da ke riƙe guduma, sai ta tashi ran da ba a bukata. Kamfanoni sukan janye lamuninsu daga bindigar da aka taɓa cikinta.

Akwai wani ɓangare da majigi ba ya nunawa. Ƙididdigar hukumar lafiya ta Amurka ta nuna cewa a 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Ba ɗan fashi ne ya kashe waɗannan ba. Bindiga ce da ke kusa a lokacin baƙin ciki. Ba kuma dukan ƙasashen Turawa ne suka bi hanyar Amurka ba. Bayan da wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a wata makaranta a garin Dunblane na Sikotlan cikin 1996, da bindigogin hannu waɗanda yake da lasinsu, Birtaniya ta haramta wa farar hula kusan dukan bindigogin hannu a 1997.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Dokar da ke kula da wannan al'amari ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda take babi na F28 a kundin dokokin Tarayya na 2004. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na uku shi ne na waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin bindigar toka ta maharba, wannan yana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Kashi na biyu ya ƙunshi wasu bindigogin farauta da na wasa da na iska, lasinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Kashi na farko shi ne na haramtattun makamai: igwa, roka, bam, gurneti, bindiga mai sarrafa kanta, da bindigogin soja. A cikin wannan jeri ne aka rubuta libarba da sauran bindigogin hannu, kowace iri ce, har da ƙirar gida.

Mai karatu yana iya mamakin yadda 'yar bindigar da ke shiga aljihu ta zauna layi ɗaya da igwa, alhali doguwar bindigar farauta, wadda ta fi ta ƙarfi, tana kashi na biyu. Dalili shi ne shigarta aljihun. Doguwar bindiga ana hango ta daga nesa, kowa ya san abin da mai ita yake ɗauke da shi. Libarba kuwa tana shiga kasuwa da masallaci da coci da gidan biki ba wanda ya sani, ga harbi shida a jere ba sai an sake ɗuri ba. Ba a farauta da ita a dazukanmu, ba a korar biri daga gona da ita.

Sashe na 3 na dokar ya ce ba wanda zai mallaki makami na kashi na farko sai da lasin da Shugaban Ƙasa ya bayar bisa ganin damarsa. Watau babu wani jami'in 'yan sanda, kome girmansa, da ke da ikon ba mutum lasin libarba. Duk wanda ya ce zai samo wa mutum irin wannan takarda a ofishin 'yan sanda in an ba shi kuɗi, to, takardar banza zai kawo. Hukuncin saɓa wa wannan sashe, kamar yadda sashe na 27 ya tanada, ɗauri ne wanda bai gaza shekara 10 ba. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Dokar fashi da makami ta 1984 ita ma ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu, ga mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ba sai mutum ya harbi kowa ba, samun ta a hannunsa ko a ƙarƙashin ikonsa ya isa. Harsashi ma sai da izini.

Haka batun shigo da ita yake. Wanda ya zauna Amurka ya sayi libarba bisa dokar can, lasin nasa ba ya aiki a nan, in kuwa ya cusa ta cikin kaya ko cikin motar da ya aiko ta jirgin ruwa, ya aikata babban laifi. Gyare-gyaren da aka bayyana a sama su ma ba su da gurbi. Doka ta hana ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta soja. Izinin da Sufeto-Janar yake iya ba maƙera bai wuce kashi na biyu da na uku ba. Maƙerin da aka kawo wa libarba ya duba, gara ya mayar wa mai ita.

Ko a kashi na biyu ma lasin ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce dole a ba shi. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin tada hankali cikin shekara 5 da suka wuce. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da bayar da lasin ƙananan bindigogi.

Wanda ya tarar da ita a gida

Yakan faru a rasa tsohon soja ko tsohon ma'aikaci, a zo rabon gado a tarar da libarba a ƙasan akwati, an naɗe ta da tsumma. Ba ta shiga gado kamar gona ko riga, domin lasin na mamaci ne shi kaɗai. Idan yana da lasi, doka ta ba magada kwana 14 kacal daga rasuwarsa su riƙe ta kafin a miƙa ta ga hukuma. Haka kuma mai lasin da bindigarsa ta ɓata ko aka sace, kwana 14 gare shi ya sanar da hukumar da ta ba shi.

Wanda ya tarar da irin wannan bindiga ya ɗauka da harsashi a cikinta, ko da ta yi tsatsa, domin harsashi yana shekaru da yawa bai mutu ba. Kada ya taɓa kunama ko guduma, kada ya gwada ta, kada kuma ya sa ta a aljihu ya kama hanya, domin in an tare shi a shinge bayani zai yi masa wuya. Ya kulle ɗakin, ya kawar da yara, sa'an nan ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da mai unguwa ko lauya ya ba da rahoto, su zo su ɗauka da kansu, ya kuma karɓi takardar shaida. Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, aka kuma ƙarfafa ta da doka a 2024. Tana daga cikin aikinta tattara irin waɗannan makamai da lalata su.