Kulorin a Randa: Rana da Laka Suna Cinye Ƙarfinsa

Wannan darasi domin ma'aikatan lafiya na ƙauye ne da 'yan kwamitin rijiya.

In damina ta yi ƙarfi, Gulbin Rima yakan malala cikin fadama tun daga Argungu har Birnin Kebbi. Ruwan yakan bi ta kan salga da turken dabbobi, sa'an nan ya faɗa rijiya. Mun ga ambaliya irin wannan a 2010, mun sake gani a 2020. Abin da ke biyo baya shi ne amai da gudawa. A 2021 cutar kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jihar Kebbi kuwa ba ta tsira ba.

Maganin da ke kashe ƙwayar cutar cikin ruwa sunansa kulorin. Amma shi kulorin ba kamar gishiri yake ba, da za a zuba a manta. Yana ƙarewa. Laka da ruɓaɓɓen ganye suna shanye shi tun bai kai ga ƙwayar cuta ba, hasken rana kuma yana kore shi cikin 'yan awoyi. Saboda haka ruwan gulbi mai gurɓata sai an fara kwantar da shi da alif ko dakakken irin zogale, a tsiyaye na sama, a tace da ƙyalle mai tsabta, kana a sa magani. Wanda aka zuba cikin rijiya ma ba ya daɗewa, gama sabon ruwa yana ta ɓuɓɓugowa, guga kuma yana ta shiga da datti. Ya fi kyau a sa shi a jarka ko randa mai murfi.

Masu kula da tafkin iyo na manyan otel sun san wannan damuwa ta rana, tun da ruwansu a fili yake. Su sukan yi amfani da wata babbar ƙwaya fara, kamar tafin hannu, mai nauyin giram 200. An haɗa ta da wani sinadari mai suna sayanurik, wanda ke yi wa kulorin laima. Sai dai kulorin yana ƙarewa, laimar kuwa tana nan, kullum tana ƙaruwa. In ta wuce miligiram 100 cikin lita, sai kulorin ya zama malalaci. Ba abin yi sai a zubar da wani kashi na ruwan a ƙara sabo. To, in kun ga irin wannan ƙwaya, kada ku fasa ta ku jefa a randa ko rijiya. Ba don sha aka yi ta ba. Kada kuma a haɗa ta da garin HTH a mazubi ɗaya, wuta takan tashi. Ƙaramar ƙwayar Aquatabs danginta ce, amma an auna ta daidai domin ruwan sha. Ku karanta takardarta ku ga lita nawa take ɗauka, don girmansu ba ɗaya ba ne.

Abin da ya kamata mu ara wurin masu otel shi ne ma'auninsu. 'Yar kwalba ce ta roba. Ka cika ta da ruwa, ka jefa ƙwayar gwaji, sai ruwan ya yi ja-ja, ka gwada launin da lambobin da ke gefe. Hanci ba ma'auni ba ne.

Ga yadda za a san adadin da ruwan garinku ke bukata. Jiƙa babban cokali ɗaya na garin HTH, wato giram 15, cikin lita 1 ta ruwa, a robar da haske ba ya ratsa ta. Kada a yi a kwanon ƙarfe. Bar shi ya kwanta. Jera bokiti 4, kowanne da lita 20 na ruwan da za a sha. Da sirinji sa mililita 1 a na fari, 1.5 a na biyu, 2 a na uku, 2.5 a na huɗu. Dama, ka jira minti 30, ka auna. Bokitin farko da ya nuna 0.5, adadinsa za a riƙa sa wa kowace jarka mai lita 20. In babu wanda ya kai, ƙara maganin ka sake. A maimaita gwajin bayan babban ruwan sama, domin ruwan watan Agusta ba irin na Maris ba ne.

Lura da ruwa mai kanwa-kanwa. In ma'aunin pH ya wuce 8, kulorin yakan yi sanyin aiki, sai a jira awa guda maimakon minti 30.

Garin HTH kansa yana rasa ƙarfi in ya sha zafi ko danshi. A ajiye shi a rufe, cikin inuwa, nesa da fetur da takin zamani, inda yara ba za su kai ba. Ruwan da aka jiƙa kuwa a yi shi kaɗan kaɗan, a riƙa sabuntawa. A gida kuma a rataye moda guda mai mariƙi ta ɗiban ruwa, kada kowa ya tsoma kofinsa da yatsunsa cikin randa.